Minti Hamsin da Biyar, Inji Wayata

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren yayana Lawali ba. Ko da na so in manta ma, akwai mutanen ƙauye guda cur da suka ɗauki nauyin tuna mini, kuma har yau ba su gaji ba.

Ni ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, a Tasawa. Watanni kaɗan kafin wannan aure aka tura mu horo na kwana biyar, inda aka koya mana aiki da wata aplikasiyo ta taswira a waya. Ka nuna mata inda kake da inda za ka, sai ta zana maka hanya da shuɗin layi, ta gaya maka kilomita nawa ne da minti nawa za ka yi a ƙafa. Har hawa da gangara tana lissafawa: in akwai tudu a gabanka, ta ƙara maka mintoci daidai tsawonsa. Na gwada ta daga gida zuwa biro, ta ce minti goma sha huɗu, kuma minti goma sha huɗun na yi (na ɗan rage sauri a kwanar ƙarshe don mu zo daidai, amma wannan tsakanina da ita ne). Tun daga ranar ba wanda ya isa ya ce mini wuri kaza "nan kusa ne" ban zaro waya na gyara masa zance ba. Abokaina suka fara rage gayyata ta yawo, ni kuwa na ɗauka hassada ce.

To, Yaya Lawali ya nemi aure a wani ɗan ƙauye bayan Korgom, 'yar wani dattijo mai suna Malam Abdu. An taɓa sa rana sau ɗaya, a tsakiyar damina. Malam Abdu ya tara jama'a, ya shimfiɗa tabarmi, ya kira liman. Mu kuma ruwan sama ya yanke mana hanya, muka wuni cikin mota a bakin wani kwari muna kallon juna. Babu rezo a waya, balle mu kira mu ba da haƙuri. Mutane suka zauna har suka gaji, suka naɗe tabarminsu. Dattijon ya ji kunyar abin ƙwarai, sai da manya suka yi ta zarya kafin ya yarda ya sake sa rana a farkon kaka. Kuma ya aiko da sharaɗi a fili: bayan sallar Azahar za a ɗaura, in jama'a suka tashi daga tabarma babu goronmu a kai, kada mu sake tako ƙofar gidansa da maganar.

Yaya Lawali shi ne ya bar lakol, wato makaranta, ya riƙe gonar gidanmu don ni in ci gaba da karatu. Bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Don haka da aka ce zan raka waliyyinsa, wato ƙanen mahaifinmu Baba Mati, na ɗauki abin da zafi. Na ɗinka farar shadda, na sa takalmi sau-ciki mai tsinin baki, na cika batirin waya har wuya.

Motar da muka shiga a tashar Tasawa ta ƙi cika da wuri, sai wajen sha biyun rana muka sauka a Korgom. Daga nan zuwa ƙauyen babu hanyar mota. Akwai kabu-kabu, amma Baba Mati ba ya hawan moto, wato babur, tun da wani ya zubar da shi cikin kwata shekarun baya. Saboda haka aka shirya mana amalanken wani mutumin ƙauyen, Na-Allah, wanda ya shigo cefane. Muka hau, muka zauna tsakanin kayansa: gishiri, galan ɗin mai, kanwar da ya saya wa san da ke jan amalanken, da wasu kaji biyu da ba su yi murna da ganinmu ba. Ɗan buhun goron kuwa yana tsakanin ƙafafun Baba Mati tun daga gida, bai bari kowa ya taɓa ba.

San Na-Allah dabba ce mai natsuwa. Yana ɗaga ƙafa, ya yi tunani, sannan ya ajiye. Ba mu ko fita garin ba na fara duba agogo. Na ce, "Na-Allah, minti nawa za mu yi?"

Ya ce, "In Allah ya yarda, can za mu yi Azahar."

"Na ji, amma minti nawa?"

Ya waiwayo ya dube ni, ya dubi san. "Wallahi ban taɓa tambaya tai ba."

Na zaro waya. Hanyar amalanke, wadda ke bin burtali ta kewaye tuddai, ta fi kilomita goma. Amma ga wata siririyar hanya ta ƙafa da ta miƙe ɗoɗar ta kan tuddan: kilomita huɗu da ɗoriya, hawa uku, minti hamsin da biyar. Na nuna wa Baba Mati. Na yi masa bayani da natsuwa irin ta wanda ya je horo, cewa wannan san ba zai kai mu kan lokaci ba, kuma goro ne ke riƙe jama'a a kan tabarma. In na ɗauki goron na bi ta tudu, kafin ƙarfe ɗaya da kwata ina gaban Malam Abdu, su kuma su iso a hankali.

Baba Mati ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da fuska yadda yake riƙe takardar asibiti. Ya ce, "Ita wagga, ta taɓa zuwa garin?"

Na ce, "Baba, tauraron ɗan Adam ne ke gaya mata. Daga sama yake kallo."

"To, shi ya taɓa sauka?"

Na yi dariya irin ta tausayi (Allah ya yafe mini wannan dariyar, don ita ce ta fi ci mini rai in na tuna). Na ce har tudu tana lissafawa. Na ce kimiyya ce. Na faɗi wasu kalmomi da Faransanci, waɗanda ba su ƙara komai ba sai tsawon zance. Na-Allah ya buɗe baki zai yi magana, Baba Mati ya ɗan taɓa masa gwiwa, ya yi shiru.

"Shi ke nan, ɗana," inji Baba Mati. "Tun da ka ƙudura, tahi. Amma je ka shagon can ka ciko ruwa tukuna, rana ta yi."

Na je na sayo gorar ruwa babba. Ko da na dawo, an riga an sauke mini buhun a gefen hanya, an ɗaure bakinsa tamau da igiya. Na ɗaga, na ji nauyi fiye da yadda na zata. Na ce, "Kai, Baba, goron nan da nauyi."

Ya ce, "Goron aure ne." Sannan ya ƙara da cewa in riƙa yayyafa masa ruwa kada rana ta busar da shi, kuma kada in kwance shi sai a gaban jama'a. Na saɓa buhu a kafaɗa, na ce musu sai sun iso. Har hannu na ɗaga wa san.

Minti goman farko sun yi daɗi. Hanya a take, shuɗin ɗigon da ke matsayina a taswira yana tafiya bisa layi, wata mata a cikin wayar tana ba ni umarni da Faransanci cikin ladabi. Na fara tsara jawabin da zan yi wa Baba Mati in ya iso ya tarar da ni a inuwa ina shan fura. Jawabi ne na yafiya, babu gori a ciki, sai ɗan kaɗan.

Sai tudu na farko. Wanda bai taɓa hawan tudun rairayi da takalmi sau-ciki da buhu a kafaɗa ba, ba zai gane ba. Wayar ta ƙara mini mintocin hawa, gaskiya ne, amma ta yi lissafin ne da irin tudun da in ka ajiye ƙafa take tsayawa inda ka ajiye ta. A namu tudun, ka yi taku ɗaya sama, rairayi ya mayar da kai rabin taku ƙasa, ya kuma zuba maka cokali biyu cikin takalmi. Da na kai ƙoli ina haki, na duba: saura minti arba'in da shida. Na duba agogo, na riga na ci rabin awa. Na ce wa kaina matsalar rezo ce.

A gangaren tudun hanyar ta ƙare. Ba ɓata na yi ba, ƙarewa ta yi, ƙarƙaf, a gindin wata gonar hatsi da ta fi ni tsawo, zangarniya ta nuna sai yanka. Matar cikin waya ta ce in ci gaba kai tsaye. Ina tsaye ina juya wayar sama da ƙasa sai wani magidanci ya fito daga cikin hatsin da wuƙar yanka a hannu.

Muka gaisa. Kun san gaisuwarmu. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi rana, ya tambayi mutanen Tasawa, don shadda ta riga ta gaya masa daga inda nake. Ni ma na tambayi aiki, na tambayi iyali, na yi masa barka da kaka. Sannan na nuna masa layin, na ce ina hanyar nan ta bi?

Ya ce, "Af, wagga ai hanyar rani ce. Da an yi shibka ta mutu, sai an kwashe kara take tashi. Yanzu kam sai ka bi iyakar gona."

Na ce in ratsa mana, a hankali, ba zan karya komai ba. Ya dubi buhun, ya dubi faɗin kafaɗuna da shi, ya dubi hatsinsa. Ya koma kan yankansa. Na bi iyakar gona.

Iyakar gona ba ta san miƙewa ba. Ta yi gabas, ta yi arewa, ta koma gabas. Kuma ranar kowa yana gonarsa yana yanka. Duk kwanar da na sha sai na ci karo da mutane, kuma ba ka wuce mutum yana aiki a rana ka yi kamar ba ka gan shi ba. A gona ta uku wata tsohuwa ta gane ni jikan wane ne, ta fara lissafo mini dangina da suka rasu ɗaya bayan ɗaya, muna yi musu addu'a. Babu inda wayar ta ware minti ko ɗaya na gaisuwa. Duk wannan lokacin matar tana cikin aljihuna tana sake lissafi, tana roƙo na in juya in koma cikin hatsin mutane.

A kan tudu na biyu na cire takalman na rataya a wuya. Rairayin ya gasa mini tafin ƙafa, na mayar da su. Na tuna umarnin Baba Mati, na sauke buhu na yayyafa masa ruwa. Na sha kurɓi ɗaya, na ba goro uku, don a ganina ni zan iya jure ƙishi, amma goron aure ba zai isa gaban surukai a yamushe ba. Da na sake saɓawa, ruwan buhun ya riƙa gangaro mini ta wuya zuwa gadon baya. Can na ji wuyana yana zafi yana ƙaiƙayi. Na ce a raina lallai wannan goro mai ƙarfi ne, Baba ya iya zaɓe.

Saura minti ashirin da biyu, inji waya. Na yi tafiyar da nake jin ta kai rabin awa, na duba: saura minti ashirin. Daga nan ta rubuto mini cewa ta yi zafi da yawa, tana bukatar ta huta, ta ɗauke fuska. Ita da ke cikin aljihu.

Ina tsakiyar hawan tudu na uku, da hannu da ƙafa, na ji kiran sallar Azahar daga nesa. Na tsaya cak. A nan wasa ya fita daga maganar. Na ga tabarmi a idona, na ga Malam Abdu yana kallon hanya karo na biyu, na ga mutane suna miƙewa suna kakkaɓe riguna. Na ga Yaya Lawali zaune a zauren gidanmu yana jiran a kira shi a ce an ɗaura, mutumin da ya yi shekaru yana noma ni ina zaune a aji. Ni na karɓe goronsa daga hannun dattijo na shigo da shi daji saboda shuɗin layi. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na juye wa buhun sauran ruwan gorar duka, ban san dalili ba, wataƙila don shi kaɗai ne abin da ya rage da zan iya yi daidai.

Daga ƙolin tudun na hango ƙauyen, ga rumbuna, ga hasumiyar masallaci, kamar ka miƙa hannu. Na ruga a guje. Gangara da buhu a kafaɗa ba ta son gudu. Na yi taku kamar bakwai da ƙafafuna, sauran kuwa da duk abin da ya fara taɓa ƙasa. A gindin tudun akwai fili guda na ƙarangiya da ta nuna, kuma ban bar mata ko ɗaya a jikin kara ba, duk na kwashe a shadda. Takalmi ɗaya ya tsaya can sama. Na dube shi, ya dube ni, na ci gaba.

Ashe ido ne kawai ya ga garin kusa: rana ta riga ta karkata lokacin da na shiga ƙauyen, La'asar ta kusa. Na hango jama'a a gindin wata bishiya a ƙofar gidan Malam Abdu, har yanzu suna kan tabarmi. Na ce a raina: ba su tashi ba! Ban lura da amalanken da ke kafe a inuwa ba. Ban lura da san da ke kwance yana tuƙa da alamar ya daɗe da hutawa ba. Ban ma lura bakin kowa a wurin ja ne ba.

Na kutsa tsakiyar taron ina ɗingishi, na zube gaban Malam Abdu. Na ce, "Baba, don girman Allah a yi haƙuri! Laifina ne ni kaɗai, ba na Yaya Lawali ba. Kada a tashi. Ga goro, ga shi na kawo!" Na ciji igiyar da haƙori, na kama gindin buhun, na zazzage shi bisa tabarma a gaban liman.

Kanwa ce. Kanwar san Na-Allah, curi-curi, rabinta ta narke ta zama taɓo saboda ruwan da na yi ta ba ta.

Wurin ya yi tsit. A cikin shirun ne na ga farin zanen da ruwan kanwa ya yi mini daga wuya, ya bushe a fata, ya bar taswira a shaddar. A cikin shirun ne kuma na ga Baba Mati zaune daga dama da liman, ƙafa a miƙe, yana ɓantarar goro.

Malam Abdu ya sunkuya ya ɗauki curi ɗaya, ya juya shi, ya shinshina. Fuskarsa ba alamar dariya. Ya ce, "Wanga goro, na wace ƙasa ne?"

Wani daga baya ya fara, kamar tari. Kafin ka ce me, taron ya kece. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Mata suka leƙo ta kan darni, aka ba su labari, aka ji tasu dariyar ta tashi daga cikin gida.

Baba Mati ya bari aka lafa, sannan ya ce, "An ɗaura tun ɗazu, ɗana. Mun iso ana alwala. Zamna ka sha ruwa."

Na ce, cikin muryar da ni kaina ban gane ba, "Baba, kuskure aka yi wajen sauke buhun?"

"A'a. Ni na sauke shi."

"To don me ba ka hana ni tafiya ba?"

"Da na hana, da ka ji?" Ya tauna goronsa. "Na yarda wayarka ta san hanya. Ni kuma na san ka. Sai na ce kai ka tahi da ita, goro shi tahi da sa."

Abin da ya fara zuwa mini ba haushi ba ne, wani sanyi ne da ya sauka tun daga kai har ƙafar da ba takalmi: an ɗaura, Yaya Lawali ya yi aure, ban kashe masa shi ba. Kunyar ta biyo baya, kuma ita ce ta zauna. Na-Allah ya zo da buhun yana tattara kanwarsa. Ya ce ya gode da na rage wa sa kaya, amma don Allah wa ya ce a jiƙa ta? Na dubi Baba Mati. Ya ce shi dai goro ya ce a yayyafa wa ruwa.

Malam Abdu ya sa aka kawo mini fura, ya aro mini silifa, ya zauna kusa da ni yana taya ni cire ƙarangiya da hannunsa. Ya ce tun da aka fara maganar auren nan yake shakkar ko gidanmu sun ɗauke shi da muhimmanci, amma yau ya ga mutum ya hau tudu uku da rana tsaka saboda 'yarsa. Ya ce abin da ke cikin buhun ba shi ne abin dubawa ba. Na ji daɗin maganar sosai, da bai juya ya sake fashewa da dariya ba da ta fi haka daɗi.

A amalanke na koma Korgom, zaune tsakanin Baba Mati da buhun goron da babu komai ciki. Ban tambayi minti nawa ba.

Yau amaryar, Saratu, tana da 'ya'ya biyu a gidan Yaya Lawali, kuma kun san tsakanin matar wa da ƙanen miji babu ragi. Duk ranar da ta ɗora wake, sai ta jira na zauna cikin mutane ta ce, "Ƙanena, kanwa ta ƙare. Duba mini a waya, minti nawa ne zuwa Korgom?" A ƙauyensu kuwa tudu na uku ya samu suna, ana ce masa Tudun Takalmi, kuma an ce mini har yanzu ba a ga ɗayan ba.

Ban goge aplikasiyon ba, ina amfani da ita, kuma a kan kwalta ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Sai dai yanzu in ta ce minti hamsin da biyar, nakan tambayi wane wata muke ciki, wa ya shuka me a hanya, da kuma mutum nawa zan gaisa da su. In kuma ina cikin bayani da Faransanci na ga dattijo ya daina gardama, ya ce shi ke nan, je ka ciko ruwa tukuna, to ba na saɓa komai a kafaɗa sai na kwance bakin buhun na leƙa.